Digiri na biyu a waje ko koyon Faransanci: wanne zan kashe wa kuɗin filina?

Baban Hanifa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawarar waɗanda suka riga ni bin wannan hanya nake nema, don maganar ta hana ni sakat.

Shekaruna 31. Na karanta aikin injiniya na gine-gine da hanyoyi a ABU Zariya, na yi bautar ƙasa, tun daga nan nake aiki da wani kamfanin gine-gine a Kaduna. Ni ke tsayawa a kan leburori da magina, ni ke lissafin rodi da siminti, ni ke duba awo kafin a zuba kankare. Ina da mata ɗaya da 'ya ɗaya. A da albashina yana kai mu ƙarshen wata har in ajiye wani abu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, aka kuma saki naira ta nema wa kanta daraja, albashin ya zama na abinci da kuɗin mota kawai. Dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, kowa ya san abin da ya biyo baya.

Abin da na mallaka shi ne fili ɗaya, rabona na gadon mahaifinmu. An taya shi da daraja. In na sayar, na haɗa da ɗan abin da na tara da abin da yayana ya yi alkawarin ranta mini, zan iya biyan digiri na biyu na shekara ɗaya a Ingila, da ƙyar. Abokan karatuna da yawa ta nan suka bi.

Sai kuma wani abokin aikina ya kawo mini wata magana. Ya ce Kanada tana ɗaukar masu jin Faransanci kai tsaye, ta ba su takardar zama ta dindindin tun suna gida, ba sai sun biya kuɗin makaranta ba. Ya ce in bar fili a inda yake, in shiga Alliance Française ta nan Kaduna in koyi harshen. Ni kuwa rabona da Faransanci tun ƙaramar sakandare, ko gaisuwar kirki ban riƙe ba.

Gaskiyar zance, ba karatun ne a gabana ba. So nake in samu inda zan yi aiki da ilimin da nake da shi, matata da 'yata suna tare da ni, in riƙa aiko wa mahaifiyata abin da zai ishe ta. Shin maganar Faransancin nan gaskiya ce ko irin ta dillalan biza ce? Mai shekaruna, mai aiki daga safe zuwa yamma, zai iya kai matakin da ake so? Waɗanda suka bi ta digiri na biyu kuma, ku faɗa mini yadda ta kasance bayan an gama karatun, don nan ne ba a cika ba da labari ba.

Maman Sadik

Wa alaikumus salam Baban Hanifa. Ni ta digiri na biyu na zo Ingila a 2022, da maigidana da yara. Ka lura da shekarar, domin ƙofar da muka shigo ta cikinta ba ita ce a gabanka yau ba.

A lokacinmu ɗalibin digiri na biyu yana zuwa da iyalinsa, mijin ko matar su yi aiki cikakke, da haka ake biyan haya da ragowar kuɗin makaranta. Daga 1 ga Janairun 2024 an hana wannan ga masu digiri na biyu na zaman aji, sai masu digirin bincike da masu digirin digirgir da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Kenan in ka zo, kai kaɗai za ka zo, Maman Hanifa da yarinya suna Kaduna. Kai kuma sa'o'i 20 kacal doka ta yarda ka yi aiki a mako muddin ana karatu. A lokacinmu kuma ana samun canji a farashin gwamnati ta banki don biyan kuɗin makaranta. Waɗanda suka zo bayanmu, naira ta faɗi suna tsakiyar karatu, bashin da ke kansu ya ninka a dare ɗaya. Na ga magidanta suna kuka a kan wannan, ba labari aka ba ni ba.

Ga lissafin a taƙaice. Kuɗin makaranta ga baƙo yawanci daga fam 15,000 ne zuwa sama. Sai ka nuna kuɗin zama, sama da fam 1,000 a kowane wata na wata tara, kuma su kwana 28 a asusunka ba a taɓa ba. Sai kuɗin biza, sai harajin kiwon lafiya fam 776 a shekara ga ɗalibi. Jirgi da kuɗin kama ɗaki ba sa ciki.

To ka gama, sai me? Akwai bizar da ake ba wanda ya kammala, ta shekara biyu, kuma gwamnati ta sanar za ta rage ta zuwa wata 18 daga Janairun 2027. Shekarun nan ba sa shiga lissafin shekara biyar na neman zaman dindindin. Abin da ake nufi da su shi ne ka nemi kamfanin da zai tsaya maka ya ɗauki nauyin bizarka ta aiki. Mafi ƙarancin albashin da ake nema a wannan biza ya tashi zuwa fam 38,700 a Afrilun 2024, ya ƙara tashi zuwa 41,700 a Yulin 2025. Akwai sassauci ga sababbin kammalawa, amma na ɗan lokaci ne. Da yawa daga cikin 'yan ajinmu gidajen kula da tsofaffi suka shiga don su tsira da zama, masu digiri biyu, wasu har da lauyoyi. Aikin halal ne, ban raina shi ba, amma ba don shi aka sayar da gidaje da gonaki ba.

A matsayinka na injiniya kana da dama fiye da mu da muka karanta harkar gudanarwa, wannan ba zan ɓoye maka ba. Amma dama ce, ba tabbas ba. Ka sayar da fili, ka ci bashin yayanka, ka bar iyali, a kan wataƙila? Kada ka saki reshe ka kama ganye, ɗan'uwana. Da yau ne nake tsaye inda kake, da kuɗin aljihuna, ba zan taho ba.

Mushe na Damagaram

Salamu alaikum Malam. Ni malamin Faransanci ne a nan Damagaram, kuma na shirya mutane da dama wa jarabawar da abokinka yake nufi, ciki har da 'yan Najeriya da muke karatu ta waya. Maganarsa gaskiya ce, sai dai ya ba ka rabinta.

Tsarin Kanada na ɗaukar ƙwararru sunansa Express Entry. Maki ake ba kowa bisa shekarunsa, karatunsa, aikin da ya yi da harshen da yake ji, sai a riƙa kiran waɗanda suka fi maki. A 2023 suka fara ware zagaye na musamman ga wasu rukunai, ɗaya daga ciki shi ne masu Faransanci. Dalilinsu a fili yake: Faransanci da Turanci ne harsunan hukuma a ƙasar, kuma masu Faransanci da ke zaune a wajen lardin Kebek suna raguwa a cikin jama'a, ana so a ƙara yawansu a wurare kamar Ontariyo, Manitoba da New Brunswick. Shi ya sa makin da ake nema a zagayensu yake ƙasa. A 2024 zagayen gama-gari bai sauko ƙasa da 500 ba, amma na masu Faransanci ya taɓa sauka har 336 a ƙarshen Fabrairu. Yana hawa yana sauka, kada ka riƙe wannan adadi a matsayin alkawari, amma tazarar tana nan.

Ga sauran rabin. Ba gaisuwa da ciniki ake nema ba. Sai ka ci mataki na 7 a ma'auninsu, wanda ya yi kusa da abin da muke kira B2, kuma a fannoni huɗu duka: ji, karatu, rubutu, magana. In ka ci uku ka faɗi ɗaya, ba ka shiga rukunin ba. Jarabawa biyu suke karɓa, TEF Canada da TCF Canada. A TCF, fannin ji tambayoyi 39 ne cikin minti 35, sau ɗaya ake kunna kowace murya, kuma sai ka samu 458 zuwa sama. Karatu 453. Rubutu da magana 10 bisa 20 kowanne. A fannin magana za a zaunar da kai gaban mai jarabawa minti 12, a ƙarshe ya jefo maka batu, misali ko ya dace yara su riƙe wayar hannu a makaranta, ya ce kare ra'ayinka, ba tare da an ba ka lokacin shiri ba. Ina da 'yan nan gida da suka yi lakwal, wato makarantar boko, da Faransanci tun suna yara, suka ci bak, jarabawar gama sakandare, amma rubutu ya kayar da su, don ba su saba tsara hujja a takarda cikin ƙayyadadden lokaci ba.

Za ka iya? Za ka iya, in ka ɗauke shi aiki na biyu. Makarantar da ke koya wa jami'an diflomasiyyar Amurka harsuna tana ƙiyasta wa mai jin Turanci sa'o'i 600 zuwa 750 na aji kafin ya iya aiki da Faransanci, ban da bitar gida. Yi lissafi da kanka: in ajin Asabar kaɗai za ka dogara da shi, shekaru za ka kwashe. In kana ba shi sa'o'i biyu kullum, ɗaya bayan sallar asuba ɗaya bayan isha'i, ga aji a ƙarshen mako, shekara ɗaya da rabi zuwa biyu abu ne mai yiwuwa. Duk wanda ya ce maka wata shida daga sifili, kuɗinka yake so. Turancinka zai taimake ka ƙwarai wajen karatu, don kalmomi dubbai kusan iri ɗaya ne a rubuce. Kunne ne zai wahalar da kai. Ka fara sauraron labaran RFI na Faransanci mai sauƙi tun makon farko, ko ba ka gane komai. Kuma ku a arewa kuna da abin da ɗan Legas ba shi da shi: 'yan Nijar da 'yan Kamaru da suka yi boko suna cikin kasuwanninku da unguwanninku, kuna jin Hausa tare. Ka samu ɗaya ka riƙa biyansa ɗan abu ku yi hira.

Harshen kaɗai kuma ba ya isa. Sai an tantance digirinka ta hukuma irin WES, sai ka nuna aƙalla shekara ɗaya cur ta aikin ƙwarewa da takardar shaida daga kamfaninku mai bayyana abin da kake yi, sai ka nuna kuɗin zama. Iyali mai mutum uku sama da dalar Kanada 22,000 ne, kuma ba a yarda ya zama na rance ba. Bambancinsa da kuɗin makaranta shi ne naka ne, da shi za ka shiga ƙasar ka kama haya. Ka yi jarabawar Turanci ta IELTS ma, nau'in gama-gari ba na shiga jami'a ba: mai mataki na 7 a Faransanci wanda Turancinsa ya kai mataki na 5 yana samun ƙarin maki 50, ban da makin harshe na biyu. Kwatanta da digiri na biyu daga wata ƙasa, wanda a gurbin ilimi maki 14 kawai yake ƙara wa mai aure a kan digirin farko, sai wani ƙari in Turancinsa ya yi ƙarfi sosai.

Abu ɗaya da ba ya jiranka shi ne shekaru. Cikakken maki na 'yan 20 zuwa 29 ne, daga 30 zuwa 40 kowace shekara ana zaftare biyar ko shida. In za ka fara, wannan watan ne.

Malamin Samaru

Ƙanena, na karanta abin da Hajiya da Mushe suka rubuta, babu ƙarya a ciki. Amma ban yarda a ce an rufe maganar digiri ba, kuma ina da dalili.

Rukunin masu Faransanci doka ce ta gwamnati, minista ne ke sabunta rukunan, kuma Kanada ta nuna tana iya juya baya cikin sauri. A Janairun 2024 ta sa iyaka ga yawan bizar ɗalibai, ta ɗaga kuɗin zaman da ɗalibi zai nuna daga dala 10,000 zuwa 20,635. A Nuwamban shekarar ta soke tsarin gaggawa da ta yi wa ɗaliban Najeriya. A Maris na 2025 ta cire makin da ake ba mai takardar ɗaukar aiki, alhali mutane sun gina shirinsu a kai. Kai kuma shekara biyu za ka yi kana koyo, sakamakon jarabawar ma shekara biyu yake yi ya mutu. Digiri ba ya mutuwa. Sannan takardar zama ba ita ce aiki ba. Aikin injiniya a Kanada sai da lasisin lardin da kake, rajistarka ta COREN, hukumar injiniyoyin Najeriya, ba za ta ba ka damar sa hannu a zane ba. Wanda ya yi digiri na biyu a can yana fita da izinin aiki na shekara uku, da ƙarin maki 30, da malaman da suka san shi za su tsaya masa.

Inda na yarda da Hajiya ɗari bisa ɗari shi ne kada ka biya da kuɗin gado. Digiri na biyu a waje, wani ne ya kamata ya biya maka. Akwai Erasmus Mundus na Tarayyar Turai, akwai DAAD ta Jamus, akwai jami'o'in Amurka da Kanada da ke ba ɗalibin bincike alawus ya taimaka wa farfesa a ɗakin gwaji ko a aji. Fannin injiniya yana cikin waɗanda suka fi samun irin wannan. Sai dai ka karanta sharuɗɗa da idon basira. Chevening ta Birtaniya tana wajabta maka komawa gida shekara biyu bayan ka gama, Commonwealth ma don ka dawo ka yi wa ƙasarka aiki aka kafa ta. In ka san a ranka ba dawowa za ka yi ba, kada ka sa hannu a alkawarin da ba za ka cika ba, ka bar wa mai niyyar dawowa.

Wane sakamako ka fita da shi a digirin farko? Amsar wannan ce za ta nuna ko shawarata ta shafe ka.

Ɗan Funtuwa

Yallaɓai, ni ina Jamus, kuma a nan ba a raba karatu da harshe, tare suke tafiya. Yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin makaranta, sai 'yan ɗaruruwan yuro na kowane zango. Jihar Baden-Württemberg ce ke karɓar yuro 1,500 a zango daga baƙi. Akwai kwasa-kwasan digiri na biyu na injiniya da Turanci ake koyar da su. Babban nauyin shi ne kuɗin da za ka kulle a asusu na musamman kafin a ba ka biza, yuro 11,904 na shekara ɗaya tun daga Satumban 2024, ana sakar maka 992 duk wata ka ci abinci ka biya haya. Ɗalibi yana da izinin aikin kwana 140 a shekara. In ka gama, wata 18 ake ba ka ka nemi aiki. Tun Yunin 2024 kuma ana iya neman zama ɗan ƙasa bayan shekara biyar ba tare da ka ajiye fasfon Najeriya ba.

Amma fanninka na wurin gini ne. Magina, masu duba aiki daga hukuma, takardun ƙa'idojin gini, duk Jamusanci ne. Mai harkar kwamfuta zai iya lallaɓawa da Turanci, kai ba za ka iya ba. Kuma Jamusanci ya fi Faransanci cin lokaci, wurin koyonsa a arewa ma ba shi da yawa, Goethe-Institut tana Legas. Kawo iyali kana ɗalibi yana yiwuwa a doka, sai dai sai ka nuna kuɗin da zai riƙe su da ɗakin da zai ɗauke ku, ga jiran layin ofishin jakadanci. Tunda ka ce iyali a tare shi ne sharaɗinka, ka sa Jamus a matsayi na biyu.

Baban Hanifa

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Hajiya, maganar barin iyali ita ta fi taɓa ni, na karanta wa maiɗakina amsarki tun daga farko har ƙarshe. Malam, digirina mataki na biyu ne ɓangaren ƙasa, na san hakan yana rage mini ƙarfi a neman tallafi, amma zan gwada Erasmus Mundus da DAAD a zagaye mai zuwa tunda neman ba ya cin fili. Filin dai na gaya wa mai saye ya dakata. Gobe in Allah ya kai mu zan je in tambayi lokacin da sabon ajin Faransanci zai fara.

Mushe, tambaya biyu. Matata ta karanta aikin jinya kuma shekarunta 26. Ita ma ta shiga ajin, ko ni kaɗai ya isa? Sannan in fara biyan kuɗin tantance digiri da IELTS yanzu, ko in jira?

Mushe na Damagaram

Malam, ai da ka fara da wannan. Ku shiga tare. Mutum ɗaya ne ke zama jagoran takarda, ɗayan ya biyo shi, kuma jagoran ne ake buƙatar ya ci mataki na 7. Ita tana cikin shekarun cikakken maki, ko bayan shekara biyu tana ciki. In tana da shekara ɗaya ta aikin jinya da takardar shaida, kuma ta riga ka kai matakin, sai a sa ta a gaba, ku duka uku takarda iri ɗaya za a ba ku. Ga shi kuma ka samu abokiyar hira a cikin gida, wadda ba sai ka biya ta ba.

Tantance digiri shekara biyar yake yi kafin ya mutu, kuma karɓo sakamakon karatu daga jami'a yakan ɗauki lokaci, saboda haka ku fara shi da wuri, naka da nata. IELTS shekara biyu ne kawai, ku bar shi sai kun kusa zama jarabawar Faransanci, don su yi rai a lokaci ɗaya.